Ƙanƙarar 'ya'yan itace ta kanti: wacce za mu saya wa yara a wannan zafin?

Maman Ilham: Assalamu alaikum iyaye. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Tun da zafin nan ya kankama a Abuja yarana ba su da magana sai ta ƙanƙara. Ana tashi makaranta ƙarfe biyu, kafin mu iso Gwarinpa mota ta zama tanda, Ilham ta fara "Mama askirim", ƙaninta yana yi mata amshi. Sai na ce bari in daina saya musu askirim mai madara, in koma irin na tsinken nan na 'ya'yan itace, tunda a tunanina ruwan 'ya'yan itace ne kawai aka daskarar. Makon jiya na shiga wani babban kanti a Wuse na ɗauko kwali mai guda shida, an zana mangwaro da sitiroberi jajir a jiki. Kuɗinsa ma ba zan faɗa ba, kada Abbansu ya ga saƙon nan. Jiya ƙanwata ta zo, ta juya bayan kwalin ta karanta min: ruwa, sukari, wani abu wai shi glucose syrup, sannan ruwan 'ya'yan itace kashi 8 cikin ɗari. Kashi takwas fa! Ni kuwa ina ta yi wa kaina kirari wai ina ba yara abu mai gina jiki. To yanzu wanne ake saya? Akwai na kirki a kantunan garin nan ko duk kanwar ja ce?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Kin sosa mana inda yake mana ƙaiƙayi. Maman Afnan, fito, wannan fagenki ne.

Hajiya Yalwa: Ikon Allah. Yanzu har ƙanƙara sai an yi mata karatu? Mu da muka tashi muna shan rake da alawar madara da mazarƙwaila, ga mu nan da ranmu. Ni abin da ya fi damuna da kayan nan sanyinsu ne. Jikana ya sha ranar Asabar, Lahadi ya tashi da mura da tari. Ku bar maganar sukari, ku yi ta sanyi.

Maman Afnan: Anti Rabi kin jawo ni, to ga ni. Hajiya barka da hutawa, zan dawo kan taki.

Maman Ilham, ƙanwarki ta riga ta yi miki rabin karatun. Ƙa'idar rubuta kayan haɗi a jikin kaya ita ce a fara da abin da ya fi nauyi a ciki, a yi ta saukowa har zuwa mafi ƙanƙanta. Idan kika ga ruwa ne na farko sukari na biyu, to ruwan sukari kika saya, an ɗan ɗiga masa ɗan itace don a samu hujjar zana mangwaro a kwali. Wanda kike nema shi ne wanda sunan ɗan itacen ya zo a sahun gaba, musamman in an rubuta puree, wato an niƙa shi ne da tsokarsa, ba tace ruwansa aka yi aka zubar da tuƙa ba.

Daga nan ki gangaro kan ɗan jadawalin nan mai lambobi, ki nemi layin sugars. Cokalin shayi ɗaya na sukari kusan giram 4 ne. Duk lambar da kika gani ki raba ta gida huɗu, sai ta koma cokula, abin da idonki ya saba gani a kicin. Amma ki lura da kan jadawalin: wasu na giram 100 suke rubutawa, wasu na tsinke ɗaya. Ɗauko kwalin ki gaya min abin da aka sa.

Maman Ilham: Ga shi a hannuna. An sa giram 18 a cikin giram 100. Kowane tsinke kuma giram 70 ne.

Maman Afnan: To tsinke ɗaya ya kama giram 12 da ɗoriya, cokali uku ke nan har da ɗan ƙari. Kuma tunda ɗan itacen kashi 8 ne kacal, kusan duk sukarin nan zuba shi aka yi. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar da ma'auni a 2016: yaro daga shekara 2 zuwa 18 kada sukarin da aka ƙara a abincinsa ya wuce giram 25 a yini, kimanin cokali shida, ɗan ƙasa da shekara 2 kuwa kada a ba shi ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2015 ta ce irin wannan sukarin kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Kin ga tsinke ɗaya ya cinye rabin kason Ilham. Ga shayi mai kauri da safe, ga biskit a jakar makaranta, ga lemon kwali. Ba ƙanƙarar ce kaɗai mai laifi ba, amma ita ce muke ba su da zuciya ɗaya muna zaton magani ce.

Maman Ilham: Innalillahi. Ranar Juma'a biyu-biyu suka sha.

Ummu Sadiq: Ni dai na huta da wannan lissafin. Ina duba wanda aka rubuta no added sugar, wato ba a ƙara sukari ba, a gaba in ɗauka in wuce. Ya fi tsada amma hankalina a kwance yake.

Maman Afnan: Ummu Sadiq ki yafe ni, zan ɗan ɗaga miki hankalin. Juya bayansa ki ga ko akwai concentrate, yawanci na tuffa ko na inabi. Ruwan ɗan itace ne aka ƙafar da shi har ya yi kauri kamar zuma. A takarda ba a zuba sukari ba, amma a jikin yaro da haƙorinsa aikinsu kusan ɗaya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa sukari da zuma da ruwan 'ya'yan itace da wannan ƙafaffen duk a rukuni guda. Wanda ta cire daga lissafi shi ne sukarin da yake cikin ɗan itace yana nan ɗungurungum da zarensa, da kuma na cikin madara. Ban ce naki ba shi da kyau ba, yana iya fin na Maman Ilham nesa ba kusa ba. Lambar dai za ki duba, kada rubutun gaba ya hana ki juyawa.

Ummu Sadiq: Na duba. Tuffa concentrate ne na biyu. Giram 9 a tsinke. Kai, mutanen nan!

Maman Afnan: Cokali biyu da kwata. Gara shi da mai cokali uku dai. Ni abin da nake yi a gaban firiza: in na samu mai giram 5 zuwa 7 a tsinke, ɗan itace a farko, jerin kayan haɗi bai fi layi biyu ba, sai in ɗauka. Wannan ma'aunina ne, ba na wata hukuma ba. A Ingila abinci sai ya kasance giram 5 ko ƙasa a cikin giram 100 ake kiransa mai ƙarancin sukari, kuma da wuya ƙanƙarar kanti ta sauko nan. Wata dabarar mai sauƙi ita ce girman tsinken. Ƙaramin tsinke mai giram 40 ko da zaƙinsa ɗaya da babba, yaro dai a ganinsa "ɗaya" ya sha.

Maman Husna: Kafin wata ta ce a koma sugar free, bari in ba ku labarina. Bara na sayo wani na waje, an rubuta babu sukari sam. Husna ta sha biyu da yamma. Daren nan ba mu runtsa ba, ciki na ƙugi, tana ta zarya banɗaki. Na ɗauka ruwa ne ya ɓata mata ciki, sai da na kai ta asibiti likita ya tambayi abin da ta ci, na nuna masa hoton kwalin, ya nuna min sorbitol da maltitol a jerin, sinadaran zaƙi da ake sawa a madadin sukari. Ya ce hanji ba ya tsotse su duka, suna jawo ruwa, yaro kuma jikinsa ƙarami ne, kaɗan ya ishe shi. Ashe ma an rubuta gargaɗin a ƙasa da rubutu kamar ƙafar kiyashi.

Maman Walid: Ai waɗannan masu zaƙin bature ciwon daji, wato kansa, suke sawa. An turo mana a wani zauren cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta ɗaya daga cikinsu, aspartame.

Dakta Zulai: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙo sama da talatin. Maman Walid, ba a haramta shi ba. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aspartame a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" suna da alaƙa da kansa, rukunin da hujjarsa ba ta yi ƙarfi ba. A lokaci guda kwamitin da ke duba sinadaran abinci ya bar adadin da aka yarda a sha yadda yake, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki a yini. Don Allah mu riƙa tace saƙo kafin mu tura. Ni dalilina na rashin son su ga yara daban ne: harshen yaro yana ci gaba da sabawa da zaƙi mai tsanani, sai ki ba shi gwanda ya ce miki salam take. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a watan Mayun shekarar ta ce kada a dogara da irin waɗannan masu zaƙin don rage ƙiba.

Bari in yi maganar ɓangarena, haƙori. Abin da nake gani a kujerata kullum, yara 'yan shekara huɗu, biyar, haƙoran gaba sun yi baƙi sun gutsure. Ƙwayoyin cutar da ke baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin fatar haƙori. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki ana ɗaukar wajen rabin awa kafin miyau ya daidaita abin. To ƙanƙara ba haɗiye ta ake yi ba, tsotsa ake yi, minti goma, sha biyar, tana manne da haƙoran gaba. Ta lemu da ta abarba kuma ga nasu tsamin a kai. Shi ya sa sau nawa ya fi nawa muhimmanci a wurina. Guda ɗaya bayan abincin rana ya fi rabi yanzu, rabi la'asar, lasa ɗaya bayan isha. In ya gama a ba shi ruwa ya kurkure baki. Kada a kama shi da buroshi nan take, a bari kamar minti 30, don tsami yana tausasa fatar haƙori, gogewa a lokacin ƙara kankare ta yake yi. Da dare kuwa bayan an goge baki, a rufe firiza.

Masu cewa ai haƙoran madara ne za su zube: turamen baya sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa. Shekaru nawa ke nan yana fama da ciwo?

Hajiya Yalwa, ranki ya daɗe, mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, daga yaro zuwa yaro, galibi a aji ko wurin wasa. Kuma ba ta bayyana a kwana ɗaya kullum, tana iya yin kwana biyu ko uku a jiki kafin ta fito. Mai yiwuwa jikanki ya kwaso ta tun kafin Asabar.

Hajiya Yalwa: To Dakta, ku ne masu boko. Ni dai na ga abin da na gani. Kuma ba a gidana za a ba yaro ƙanƙara da hantsi ba.

Anti Rabi: Hajiya a nan kam kun haɗu da Dakta, ita ma ta ce sai bayan abincin rana.

Baban Hanif: Assalamu alaikum. Ku ba maza dama su ce wani abu, tunda ni ina da firiza biyu a shagona a Kubwa, kayan nan nake sayarwa. Gaskiya guda biyu zan faɗa ko da za ta rage min ciniki.

Ta farko, kuna ta lissafin cokali, ni abin da ya fi tsorata ni wuta ce. Kayan nan so suke su zauna a sanyi mai tsanani, digiri 18 ƙasa da sifili, tun daga kamfani har bakin yaro. A garin nan a ɗauke wuta tun safe, dizal ya yi tsada, wani mai shagon sai ya kashe janareta da dare ya ce ai firiza a rufe take. Kaya ya saki, da asuba a kawo wuta ya sake daskarewa. In za ku saya ku taɓa ledar. In kun ji ƙanƙarar ta taru a gindi, ko tsinken ya karkace ya koma gefe, ko akwai garin ƙanƙara mai yawa a cikin leda, ko kwalin ya jiƙe ya bushe ya yi taushi, ko ruwan kala ya ɓata shi, to ya narke ya dawo. Ku ajiye. Mai madara ko yogot a ciki ya fi haɗari a nan. Kuma ku zuro hannu ƙasan firiza, na sama shi ke shan iska duk sanda aka buɗe.

Ta biyu, wallahi ku iyaye ku ne ba kwa sayen mai ƙarancin sukarin. Na taɓa kawo katan biyu na wani mai mangwaro zalla. Kalarsa ba ta da haske, ga shi da tauri kamar dutse. Yara suka ƙi, iyaye suka dawo suna min ƙorafi wai na sayar musu da tsohon kaya. Ja da shuɗi da kore kuwa kafin Juma'a sun ƙare. Ɗan kasuwa abin da ke tafiya yake sarowa.

Maman Afnan: Alhaji Allah ya saka da alheri, wannan ilimin ba a aji ake samunsa ba. Taurin nan da ka faɗa ma alama ce mai kyau. Sukari yana hana ruwa daskarewa tamau, shi ke sa ƙanƙara ta yi laushin da haƙori ke shiga. In an rage shi dole ta yi tauri. Sannan sanyi yana dakushe ɗanɗanon zaƙi a harshe, don haka ake loda wa kayan sanyi sukari fiye da kima. Duk mai shakka ta bar tsinke ɗaya ya narke a kofi ta kurɓa, za ta ji kamar sirop ɗin tari. Mai taurin a fito da shi a ajiye minti biyar kafin a miƙa wa yaro, shi ke nan.

Maman Walid: To kalar fa? Walid in ya sha jan nan harshensa har washegari ja ne. Kuma sai ya yi ta tsalle a kan kujeru kamar an sa masa batir. Sukari ne ke hawa kansa.

Maman Afnan: Kalar tana da nata zancen. Ki duba Tartrazine ko E102, Sunset Yellow ko E110, Allura Red ko E129. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Southampton ta Ingila a 2007 ya nuna haɗin wasu kaloli yana iya ƙara wa wasu yara rashin natsuwa, kuma daga 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da guda shida daga cikinsu, har da waɗannan ukun. Ba guba ba ce da za a ce yaro ya sha sau ɗaya ya cutu, amma ba ta ƙara masa komai, in akwai wanda aka yi wa kala da ɗan itacen kansa ko da gwoza ja ko karas, gara shi. Shi kuwa sukari, an gwada sau da dama, ana ba wasu yara mai sukari wasu marar sukari ba tare da iyaye sun san wanne ne ba, kuma da aka tattara sakamakon a 1995 ba a ga sukari yana ƙara ƙiriniya ba.

Maman Walid: Masu binciken su zo gidana ranar Asabar, zan ba su masauki kyauta.

Maman Sani: Ni tun ɗazu ina karantawa na yi shiru. Duk maganar kanti kuke yi, kwalin dubu shida, dubu bakwai. Yaran unguwarmu a Lugbe ƙanƙarar leda suke sha, zoɓo da tsamiya da kunun aya da ta kuka, kuma ni nake yi, da ita nake biyan kuɗin makaranta. Na san yanzu za a ce tamu ce marar tsafta. Zoɓona ganye ne na gaske da citta da kanumfari da ɓawon abarba, babu wata E kaza a ciki.

Dakta Zulai: Maman Sani babu mai raina sana'arki, Allah ya sa albarka. Tambaya biyu kawai, kuma su zan yi wa kowa. Wane ruwa kike amfani da shi? Don daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi, in ƙanƙara ta narke a ciki su farka. Na biyu, sukari nawa?

Maman Sani: Zoɓo da tsamiya tafasa su nake yi. Kunun aya da kuka kuma da ruwan leda nake haɗawa, buhu-buhu nake saye. Sukari kuwa kilo ɗaya a bokitin lita goma.

Maman Afnan: Kin fi kamfanoni da yawa gaskiya, kin faɗa kai tsaye. Kilo ɗaya a lita goma giram 10 ke nan a kowane mililita 100, kusan daidai da lemon kwalba, Coca-Cola tana da 10.6. In ledarki ta kai mililita 150, giram 15, cokali huɗu saura kaɗan. Kin ga a awo ɗaya naki bai kai na kwalin Maman Ilham zaƙi ba, leda ce ta fi tsinke girma.

Maman Sani: Na taɓa ragewa, yara suka koma gidan maƙwabciyata. Zoɓo abu ne mai tsami, in ba sukari sai yaro ya yamutsa fuska. Amma in da masu so, zan iya yin na daban, in niƙa abarba nunanniya da kankana a ciki, sukari rabi, leda ƙarama. Sai dai kuɗinsa ba zai zama ɗaya ba, abarba ba ta arha ko a kasuwar Zuba.

Ummu Sadiq: Ni ki sa min guda ashirin.

Anti Rabi: Ciniki ta bayan fage don Allah, kun san doka. Talla ranar Alhamis ce.

Maman 'Yan Biyu: Gaisuwa daga Jos. Mu dai zafinmu bai kai naku ba, amma yara ko'ina yara ne, a cikin hunturu ma 'yan biyuna ƙanƙara suke nema suna rawar ɗari. Akwai abin da ban ga an ambata ba. A firizar manyan kantuna, kusa da inda ake ajiye dankali da koren wake, akwai ledojin 'ya'yan itace daskararru, mangwaro ko abarba ko sitiroberi yankakku. Ki juya bayan ledar, kalma ɗaya ce a jerin kayan haɗi. In kin ga an ƙara sukari ko syrup ki mayar. Wannan shi ma na kanti ne, ba aikin da za ki yi sai zubawa a kofi. Nawa haka suke cin mangwaron da cokali in ya ɗan saki.

Mu nan Allah ya hore mana sitiroberi, ana nomansa a Chaha wajen Vom, lokacin sanyi zuwa farkon bazara za ki gan shi a robobi a bakin titi. Ina saye da yawa in ya yi arha, in wanke, in cire ganyen, in shanya a faranti a firiza, in ya daskare in juye a leda. Shi sukarinsa kaɗan ne, wajen giram 5 a giram 100. Kankana wajen 6. Ayaba 12, mangwaro ya kai 14, amma duk da zarensu suke tafe, kuma yaro yana ƙoshi da su. Ayabar da ta nuna ta fara baƙi kada ki zubar, ki ɓare ki yanka ki daskarar, ki markaɗa da yogot marar sukari cokali biyu, wallahi sai ki rantse askirim ne.

Maman Husna: Ni dabino nake sawa a madadin sukari, ko zuma.

Dakta Zulai: Dabino ya fi farin sukari amfani, amma fiye da rabin nauyinsa sukari ne, kuma yana maƙalewa a haƙori, biyu ko uku sun isa jug guda. Zuma kuwa kada a ba jaririn da bai cika shekara ba ko ɗigo, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Maman 'Yan Biyu, ƙari ɗaya a kan naki: daskararren inabi ko gutsuren mangwaro mai tauri yana iya shaƙe ƙaramin yaro. 'Yan ƙasa da shekara biyar a bari ya saki, a tsaga inabi ta tsawo gida huɗu, kuma a zaune za su ci, ba ana guje-guje ba.

Malama Asma'u: Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangaren. Na waje da ake shigowa da su, a riƙa duba gelatin, sinadarin da ke sa abu ya yi kauri da danƙo, don a ƙasashen Turai sau da yawa daga alade ake samunsa in ba a fayyace ba. Akwai kuma jar kala E120 da ake kira carmine, daga wani ƙwaro ake tatso ta, malamai sun yi saɓani a kanta. Wanda yake da tambarin halal ya hutar da mutum.

Maman Walid: Ni dai in na ga lambar NAFDAC shi ke nan.

Baban Hanif: Lambar dole ce, duk wanda babu ita ko babu ranar lalacewa kada ma ki tsaya karanta sauran. Amma lambar tana nufin an yi wa kayan rajista ne, ba ta ce sukarinsa kaɗan ne ba. Alawa ma tana da ita. Lemon kwalba da gwamnati ta ɗora wa harajin naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021 saboda zaƙinsa, shi ma yana da ita.

Hajiya Yalwa: Yanzu dai da na ce a ba su kankana mai sanyi tun farko da an ce tsohuwa ba ta waye ba. Kun zaga kun zaga kun dawo kan kankana.

Maman Afnan: Hajiya ai ba a ja da ku. Allah ya ƙara girma.

Maman Ilham: Iyaye na dawo da rahoto. Yau bayan na tashi aiki na biya kanti, na tsaya gaban firiza ina juya kwalaye har wani ma'aikaci ya zo ya tambaye ni ko wani abu ya ɓace min. Kala bakwai na duba. Huɗu ruwa da sukari ne a farko. Ɗaya babu jadawalin ma sam, sai jerin kayan haɗi, na ajiye shi. Ɗaya ya yi kyau a takarda, amma da na taɓa na ji duk ya taru a gindi yadda Baban Hanif ya kwatanta. Na ƙarshe mangwaro ne a farko, giram 6 a tsinke, ƙanana ne, shi na ɗauko tare da ledar abarba daskararriya guda. Ilham ta shanye nata bayan abinci ta ce in ƙaro, na ce sai gobe. Ƙaninta ya lasa sau biyu, ya dube ni, ya ce "wannan ba ja ba ne", ya miƙa wa mage.

Maman Sani: Ki kawo shi Lugbe, zoɓona ja ne.

Maman Ilham: Sauran guda biyu na tsohon kwalin fa, in zubar?

Dakta Zulai: A'a, almubazzaranci ne. Ki raba musu ɗaya-ɗaya ranar Asabar bayan sun ci shinkafa, ki ajiye kofin ruwa kusa.

Anti Rabi: Ko ki ba Abbansu, tunda kuɗinsa ne.